Azumin da Malam Garba Ya Kira Sunana

Bana azumi ya sake zagayowa cikin watan Fabrairu, kamar yadda ya yi shekaru talatin da wani abu da suka wuce. Ina zaune a gidan 'yata a Bronx, ɗakin da ɗumi har sai na cire rigar sama, kuma dusar ƙanƙarar da ta zubo da safe ta narke kafin azahar. Yanzu idan la'asar ta yi, jikokina waya suke dannawa a kawo ƙosai da kunu har bakin ƙofa. Masallatan da ake tafsiri da Hausa sun yi yawa, mutum zaɓa yake yi. Ɗaliban da nake duba wa aiki jefi-jefi tun da na yi ritaya, ta kwamfuta muke ganawa, kowa yana ɗakinsa. A wancan lokacin ba haka ba ne. Abin da nake da shi sanyi ne mai shiga ƙashi, da ƙaramar rikoda mai cin kaset, da wata mata guda wadda sa hannunta ne zai nuna ko shekarata ta shiga lissafi ko ta tafi a banza.

Na yi azumi a wurare da dama. A Zariya na fara, inda aka haife ni. Na yi a Khartum lokacin karatu, inda harshe ke zama kamar busasshiyar fata tun kafin la'asar. Na yi a Yamai shekarun da na koyar a can, na kuma yi a Landan da bazara, inda rana take ƙin faɗuwa. Waɗannan duk azumin ƙishirwa ne ko na dogon jira. Na New York a lokacin sanyi daban yake. Yinin gajere ne, ba ka jin ƙishi, amma cikin da babu komai ba ya riƙe ɗumi. Sanyin yakan fara daga yatsun ƙafa ya yi ta hawa, kafin azahar ka ji kamar an kwashe kayan cikinka an bar iska.

A shekarar na riga na gama karatun aji na ilimin halayyar ɗan Adam, saura shekarar horo a asibiti. Ƙa'idar a fili take. Za ka ga marasa lafiya da kanka, amma ba a matsayin cikakken likita ba. Kowane mako sai ka zauna gaba da gaba da wani mai lasisi, ka kawo masa abin da ka yi, ya saurara, ya gyara, ya sa hannu. Idan shekara ta ƙare bai gamsu ba, ba za ka zauna jarrabawar lasisi ba, sai ka maimaita. Ni kuwa ba ni da halin maimaitawa, don bizata da shekarar horon tare za su ƙare. An tura ni sashen masu zuwa su koma gida na wani asibitin gwamnati a Bronx, a hawa na ƙasa, kusa da ɗakin wanki. Mai duba aikina Dokta Helen ce, dattijuwa siririya mai farin gashi, wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta manta abin da ka faɗa makon jiya.

Wata biyu kafin a fara sanyi mahaifina ya rasu a Zariya. Ƙanena ne ya bugo waya gidan maƙwabta aka kira ni. Ban je ba, don idan na fita ba tabbas zan iya dawowa. Washegari na tafi aiki. Na gaya wa Dokta Helen a tsaye a bakin ƙofarta, ta ce in ɗauki hutu, na ce ba sai na ɗauka ba. Ba jarumta nake yi ba. Na duba cikina ne ban tarar da komai ba, kamar ɗakin da aka kwashe kayansa.

Muna haya ni da Awudu a wani tsohon bene kusa da Fordham Road. Awudu ɗan zangon Kumasi ne, direban tasi, ya girme ni da kaɗan. Tukunyar ɗumama benen ta tsufa, takan mutu a ranar da aka fi buƙatarta. Mukan cusa tsumma a ƙasan ƙofa, mu manna leda a tagogi, mu kunna murhun girki mu bar shi a buɗe mu zauna gabansa da rigunan fita. Shekarar dusar ƙanƙara ta yi ta zuba, wata kan wata, kafin ta farko ta narke ta biyu ta rufe ta, har gefen titi ya zama ganuwa mai launin toka. Bayan asuba mukan sauka tare da shebur guda da murfin tukunya mu tono motarsa. Shi yana haƙa gaba, ni ina kwashe ta baya, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Idan ta tashi sai ya sauke ni a tashar jirgin ƙasa. Da yamma wanda ya riga dawowa shi ke ɗora shinkafa da wake. Koko kuwa Awudu ne kawai ke damawa, wai hannun 'yan Najeriya ba ya yi.

Ranar Lahadi da hantsi nakan baje kaset a teburin kicin ina rubutu, shi kuma ya tsaya a kaina.

"Likitan masu tunani," in ji shi. "Wato mutane su zo su faɗa maka damuwarsu, kai kuma ka ɗauka ka kai wa wata tsohuwa. Ita wa take kai wa?"

"Ita ma tana da wanda take kai wa."

"To shi fa na ƙarshen?"

"Ban sani ba, Awudu."

"Ni ne," ya ce. "Tasi yake shiga. Duk a bayan motata suke ƙarewa, ba wanda ya ba ni farar riga."

Kaset ɗin da nake rubutawa na mutum ɗaya ne, Malam Garba. Sauran marasa lafiyata da Turanci muke magana, sai in miƙa wa Dokta Helen kaset ta ji da kunnenta. Na Malam Garba kuwa Hausa ce, don haka dole in juya kowace kalma zuwa Turanci a takarda, ta riƙa bi da ido tana jin muryoyinmu. In babu wannan, awannin da na yi da shi ba za su shiga cikin waɗanda aka duba ba.

Malam Garba mutumin Maraɗi ne, ya haura sittin. Yana da tebur a 125th Street a Harlem, da rani yana sayar da jakunkunan fata da huluna, da sanyi safar hannu da mayafin wuya. Likitocin sama ne suka turo mana shi. Ya je musu da nauyin ƙirji, sun auna komai ba su ga ciwo ba, sai suka ji akwai ɗalibi a ƙasa mai jin yarensa. Ranar farko na miƙe na gaishe shi, na ce sunana Abdullahi. Ya sunkuyar da kai ya dubi takalminsa. Da ya ɗago sai ya ce, "Sannu, Mai suna." Daga nan na san sunan ɗansa na fari, tun kafin in san cewa ɗan ya rasu.

Da damina ya rasu, zazzaɓi na 'yan kwanaki, yana da mata da ɗa ƙarami. Malam Garba ba shi da takardun da zai je ya dawo. Ranar da labarin ya zo, 'yan'uwansa masu tebur suka taru suka yi masa gaisuwa, ya amsa, ya yi addu'a ga dukkan musulmi, sannan ya buɗe teburinsa. Ba a ga hawayensa ba, kuma ba wanda ya yi tsammanin gani. Ɗan fari ne. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba, wan Malam Garba ne ya rene shi. Tun daga lokacin barci ya ƙaurace masa, kuma yakan tsaya bayan teburin yini guda bai kira mai saye ko ɗaya ba. "Dutse ne aka aza mani nan," yakan ce, ya dafa ƙirji. Idan zancen ɗan ya zo, sai ya ce "yaron ga" ko "wanda ya tafi".

Ganawata da Dokta Helen ranar Alhamis ce da yamma. Da azumi ya kama, sai ya zama rana tana faɗuwa muna tsakiyar zama. Makon farko ta lura ban taɓa shayin da ta zuba ba, ta tambaya, na gaya mata. Daga nan kullum akwai kofin ruwa a gefen teburinta, kuma idan tagar ta yi duhu takan tura mini shi ba tare da ta katse maganarta ba. Ni kuma in ciro dabino daga aljihu.

Ba mace ce mai taurin kai ba. A farkon kaset ɗin Malam Garba ta taɓa tsayar da rikoda ta ce, "Abdul, kun daɗe kuna magana, har yanzu yana tambayarka gajiya da sanyi da mutanen gida, kai ma kana tambayarsa. Yaushe za a fara?" Kowa a asibitin Abdul yake ce mini. Na ce mata an riga an fara, a yadda ya amsa gaisuwar kasuwa nake gane ko ya yi barci. Ta mayar da kaset baya ta sake ji, ta ce in nuna mata wurin. Na nuna. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Sunan ne ta ƙi bari.

"Wata nawa ke nan yana zuwa," ta ce, "ban ga sunan ɗansa a takardar nan ko sau ɗaya ba."

Na yi mata bayani. Na ce kunya ce, ba gudu ba. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ko uwa, kuma hakan ba ƙiyayya ba ce. Na ce ko ni da muke suna ɗaya ba ya iya kiran nawa. Na gaya mata na ga irin wannan a wurin Fulani da Zabarmawa, na kuma zauna da Larabawa waɗanda akasin haka suke yi, uba da sunan ɗansa na fari ake kiransa har ya mutu. Kowa da inda yake ajiye abin da ya fi so.

Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Na yarda akwai al'adar. Amma na daɗe a kujerar nan. Na zauna da iyayen da suka zo daga ƙasashe iri-iri, da mutanena ma, kowa yana da kyakkyawan dalilin da zai hana shi faɗin abin da ke ci masa rai. Mutumin nan ba ya barci. Al'adar ta riƙe shi lokacin da ɗan yake raye, yanzu ban ga tana riƙe shi ba. Kuma daga inda nake zaune ba zan iya bambance ko al'adarsa kake girmamawa ko kai ne ba ka son shiga wurin ba. Duk lokacin da ya matso kusa, kai ne kake komawa zancen kasuwa. Duba nan. Da nan."

Na duba. Rubutuna ne.

"Mahaifinka ya rasu," ta ce, "ba ka taɓa ce mini komai a kansa ba."

"Ba abin da zan ce."

"Na sani. Shi ya sa." Ta rufe fayil ɗin. "Ƙarshen watan gobe zan rubuta rahotonka. Akwai layin da ke tambaya ko ɗalibi yana iya zama da mara lafiya a cikin baƙin cikinsa ba tare da ya kauce ba. Yau ba zan iya sa hannu a layin nan ba. Ba na son ka rasa shekararka, Abdul. Nuna mini."

Na fito na bi layin jirgi. Ban ji haushi ba, ban ji tsoro ba. Na lura dai igiyar takalmina ta daskare.

Makonnin da suka biyo baya na shiga kowane zama da niyyar tambaya, na fito ban tambaya ba. Yaro kamar ni ya dubi dattijo ya ce masa faɗi sunan ɗanka na fari, daidai yake da a ce masa ya tuɓe a kasuwa. Ni ma ɗan fari ne. Kakata ce ta rene ni, ita kuma Angona take ce mini. Mahaifiyata "wannan" take cewa. Mahaifina idan yana nemana ƙanena yake aikowa, idan kuma muna wuri ɗaya sai ya yi gyaran murya in matso. Da zan tafi Khartum ya sayar da gonarsa ta fadama, kuma a bakin wani na ji. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashi ba. Haka abin yake, kamar yadda ƙofar zaurenmu take duban gabas.

Cikin goman ƙarshe na azumi aka yi wata zuba mai yawa. Motar Awudu ta nutse har madubi, muka haƙa muka gaji muka bar ta. Na taka zuwa tasha, dusar tana shiga takalmi. Asibitin shiru, rabin ma'aikata ba su zo ba, marasa lafiyata na safe duk ba wanda ya zo. Na zauna a ƙaramin ɗakina da rigar sanyi a jiki, bututun ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa kamar ana buga shi da cokali. Ban sa ran ganin kowa ba. Bayan azahar sai ga Malam Garba, ya ɗaura ledar burodi a kan safarsa, gemunsa da farin ƙanƙara.

Na kunna rikoda. Ya san da ita tun ranar farko, ya kuma san wadda take saurare. Muka gaisa, gajiya, sanyi, ibada, kasuwa. Ya ce yau ba kasuwa, ko 'yan sanda ba su fito ba. Sannan ya dube ni da kyau.

"Mai suna, ka rame."

"Azumi ne, Baba."

"Ni ma azumin nika yi." Ya nuna rikodar da haɓa. "Madam ɗin taka, mi ta ce da zancenmu?"

An koya mana kada mu ɗora wa mara lafiya kayanmu, an kuma koya mana kada mu yi masa ƙarya. Na ce, "Ta ce ba ta ji sunan yaron ba."

"Kai ba ka gaya mata ba?"

"Na gaya mata. Daga bakinka take so ta ji. Tana ganin zai rage maka nauyin ƙirjin."

"Kai fa, mi ka gani?"

"Ban sani ba, Baba."

"In ba ta ji ba?"

"Wannan tsakanina da ita ne. Ba ruwanka da shi."

Ya ɗan yi murmushi, ba na jin daɗi ba. "Bon, to. Na yi zaman koyo wurin wani baduku a Maraɗi, shekara da shekaru. Na san mi ake nufi in yaro ya ce tsakanina da maigida ne."

Na ce masa ba dole, kuma da gaske nake. Na ce mu bar zancen. Har na buɗe baki zan tambaye shi ko safar hannu tana tafiya bana, sai na tuna yatsan Dokta Helen a kan takarda, na rufe bakina. Wannan kaɗai na yi a ranar. Na yi shiru.

Shirun ya daɗe. Kaset yana juyawa, ina ganin ƙananan ƙafafunsa ta gilashin rikoda. Ruwan da ya narke daga takalminsa ya yi 'yar hanya a ƙasa zuwa ƙafar kujerata. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, abin da bai taɓa yi ba. Bai dubi rikodar ba. Ni ya duba, ko wani wuri kusa da kafaɗata.

"Abdullahi."

"Na'am," na ce.

Ban yi niyyar amsawa ba. Bakina ne ya amsa, kamar yadda ƙafa ke neman matakala.

"Takalmin da na aika da Sallar bara, ya yi maka daidai?"

Babu abin da aka koya mini da ya dace da wurin, kuma babu abin da na taso da shi da ya dace. Ya jira kaɗan, ya gyaɗa kai.

"Ban taɓa tambaya ba," ya ce. "Ta hannun ƙanensa na aika. Ƙafarsa babba ce, irin ta uwarsa. Na tsaya Canal Street ina auna takalmin da tafin hannuna, mai shagon yana yi mani dariya."

Daga nan ya yi ta magana. Ya faɗi ranar da aka haifi yaron, yadda ya bar gida ya kwana a rumfar kasuwa don kada a ga fuskarsa. Ya faɗi yadda yakan bi ta bayan makarantar allo ya rage tafiya don ya ji muryarsa a cikin ta sauran yara. Bai sake faɗin sunan ba. Bai yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Kaset ya ƙare ya yi ƙara, ban juya shi ba, shi ma bai tsaya ba. Da ya gama ya shafa fuskarsa da hannu biyu kamar wanda ya idar da addu'a, ya mayar da hula, ya gyara ledar ƙafarsa.

"A sha ruwa lafiya," ya ce, ya fita.

Ranar Lahadi na zauna juya kaset ɗin. Awudu yana gefe yana gyaran wake. Da aka zo wurin, ya tsaya da hannunsa a cikin tire.

"Wane ne wannan yake kiranka haka?"

"Mara lafiya ne."

"Kamar babanka."

"Babana bai taɓa ba."

Ya dube ni, ya ci gaba da tsince tsakuwa. Yinin ranar bai tsokane ni ba.

Ranar Alhamis na miƙa wa Dokta Helen takardun, na kunna rikoda. Ta bi gaisuwar da ido. Ta bi tambayoyinsa game da ita, ta ɗaga gira. Da shirun ya zo ta ajiye biro ta jira shi har ƙarshe, ba ta tura kaset gaba ba. Sai muryarsa, sai tawa. Ta danna ta tsayar.

"Wannan kalmar da ka faɗa, ba ka juya ta ba."

"Abin da mutum ke cewa ne idan babba ya kira shi."

"Kai yake kira, ko ɗansa?"

"Ban sani ba."

"Don kansa ya faɗa, ko don kai?"

"Shi ma ban sani ba."

Ta daɗe tana kallon rikodar. Tagar ta riga ta yi duhu, ta tura mini kofin ruwa. "Haka kake amsa wa mahaifinka?"

"Bai taɓa kirana ba. Ni ne na fari."

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Na sha ruwan, na ci dabino, na rasa inda zan sa ƙwallon sai na mayar aljihu. Ta sake kunna kaset ta ji sauran har inda ya yanke. Sannan ta jawo rahoton ta sa hannu a layin, ta juyo da shi in gani.

"Ba don sunan ba," ta ce. "Don ba ka koma zancen kasuwa ba. Mako mai zuwa za mu yi maganar mahaifinka."

Na ce to. Mun yi maganar, makonni da yawa ma. Na amsa duk abin da ta tambaya. Ban tuna na ji wani abu ba, sai dai na fara jin yunwa sosai da yamma, abin da rabona da shi tun kafin sanyi.

Malam Garba bai zo zamansa na gaba ba. Bai zo bayan Salla ba. Na rubuta a fayil cewa mara lafiya ya daina zuwa, Dokta Helen ta sa hannu a nan ma. Da dusar ta narke, tituna suka cika da baƙin ruwa da duk sharar da ta ɓoye tun Disamba, wata Asabar na je Harlem sayen man shanu da daddawa. Tun daga nesa na ji muryarsa. Yana tsaye gaban tebur, ya ɗaga jaka sama yana kiran masu wucewa da Turancinsa na kasuwa, yana yi wa wata mata ciniki yana dariya. Ya yi ƙiba kaɗan. Da ya gan ni sai ya sauke jakar, ya dubi ƙasa.

"Sannu, Likita."

"Sannu, Baba. Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya ƙirjin?"

"Da sauƙi."

Bai ɗago ba. Bai ce Mai suna ba. Na gane na zama mutumin da ya gan shi a yanayin da ba a ganin dattijo, kuma tsayuwata a wurin nauyi ce a gare shi. Na yi masa sallama na wuce. Daga baya idan na je 125th Street ta ɗaya gefen titin nake bi. Shekarar da ta biyo aka tashi masu tebur daga wurin, ban san inda ya koma ba.

Na gama shekarar, na ci jarrabawa, na sami lasisi. Na yi aiki a nan, na yi a Jidda, na yi a Abuja, na dawo. Na duba aikin ɗalibai da yawa, kuma an sha kawo mini irin wannan tambayar da wasu harsuna, game da wasu al'adu. Har yau ba zan iya ce muku Dokta Helen ce ta yi daidai ko ni ba. Mutumin ya sami barci, ni kuma na rasa gaisuwarsa. 'Yata da nake zaune a gidanta ita ce ta fari a wurina, kuma ɗazu na ji ta tana ƙwala wa babban ɗanta kira da cikakken sunansa daga kicin, ya zo ya ɗauki faranti, ya amsa mata da Turanci.

Abin da ya canja a wancan azumin bai koma ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kira ni Abdullahi, sai na ɗan dakata kafin in amsa, in tabbatar ni ake kira.